Masta Salifu, Mai Tambayar Rana

Ina goge ƙofar wata mota a garejinmu na Suame a Kumasi da hantsin Talata, sai Razak ɗan Masta Salifu ya kira ni. "Yaya Musa, Baba ya cika," shi ne abin da ya iya faɗa. Na ajiye takardar gugar na zauna a kan taya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masta Salifu mai haɗa fentin mota ne. A hannunsa na koyi sana'a, kuma a gefensa na yi furfura. Mutum ne marar hayaniya, amma akwai taurin kai a kan abu guda: ba ya yarda da launi a ƙarƙashin rumfa. In ya haɗa fenti, sai ya shafa a guntun kwano, ya fita da shi fili ya kara da jikin motar. Yakan ce, "Inuwa maƙaryaci ne, je ka tambayi rana."

Ita ma ranar ba kowace yake amincewa da ita ba. Ta la'asar, a cewarsa, zuma take zuba wa komai, har mummunan aiki ya yi kyau. In hadari ya rufe Kumasi da damina, haske ya yi toka-toka, sai ya rufe gwangwani ya ɗauki carbi. Direbobin motocin haya na trotro su yi ta ƙorafi, shi kuwa ko a jikinsa. Kafin ya haɗa ja sai ya tambayi inda motar za ta yi aiki. Iyayensa mutanen Nijar ne, ya san hasken can. "Ranan arewa fari ne ƙal, yana cin ja," in ji shi. "Namu na nan ganye ya jiƙa shi."

Da girma ya zo, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Mun lura, amma wa zai faɗa wa Masta? Idon nan shi ne abincinsa, shi ne mutuncinsa.

Wata safiya ya haɗa wa motar wani Alhaji na Buokrom fari. Da yake komai ya koma masa rawaya-rawaya, sai ya yi ta ƙara shuɗi. Ya fita da guntun kwanon, ya daɗe a tsaye, sannan ya kira ni.

"Musa, me ka gani?"

In na yi shiru aikin mutane ya ɓaci, in na faɗa na tsayar da shi daga sana'arsa.

"Masta, shuɗi ya yi yawa."

Ya sake duban guntun kwanon. Can ya ce, "Yoo. Da ka ce ya yi daidai, da yau na san ban koya maka komai ba." Ya miƙo mini sandar motsa fentinsa, bai sake haɗa launi ba har ya koma ga Allah. Na yi kuka a bayan gareji ran nan, kuma yanzu ma da hawaye nake rubutu.

Ya Allah, bawanka Salifu ya ƙi cutar mutane ko da ɗigon fenti. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya Ramatu da Razak da ƙannensa haƙuri, Ka tsaya musu. Mu da ya bari da aikin, Ka ba mu ikon faɗin gaskiyar abin da muka gani. Amin.