Malam Bawa da Ƙwan da Ya Ƙi Rabuwa a Gabansa

Duk wanda ya san marigayi Malam Bawa ya san cokalin nan na aljihun gabansa, inda sauran malamai ke saƙale biro. Kimiyya ya koyar a makarantarmu ta Jega, ni kuwa tarihi. Ranar kasuwa za ka hango shi yana bin jakunan 'yan albasa na Aliero, idonsa a ƙasa. Sai ya duba kashin jaki sannan ya gaida mai jakin.

Ƙwan tsutsar ciki yake nema. Ya ɗebi kashin da cokali, ya tace shi, ya sa a madubinsa mai ƙara girman abu, wanda ba ya aiki sai da hasken rana. Ya ce dunƙule ɗaya ne a cikin ƙwan. Bayan 'yan kwanaki ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, har tsutsa ta naɗe a ciki. Ɗaya ya gani, biyu ya gani. Lokacin rabuwar ne bai taɓa kamawa ba, kuma shi ne burinsa a duniya.

Na ce masa, "Ka zuba ƙwai ɗari mana, ai ba ka rasa wanda ke tsakiyar rabuwa."

Ya ce, "Malam Sani, kai da ka koyar da tarihi, kana haɗa labarin mutum ɗari ka ce na mutum guda ne? Guda nika bi."

Wani makiyayi a Sabiyal ya taɓa tare shi da cokali a hannu. "Malam, in asiri kaka yi, ka hwaɗa man." Malam Bawa ya ɗora masa ido a madubi, ya ce ga abin da ke ramar da ɗan jakinsa. Mutumin ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce, "To wa ya sa su cikin ƙarhen ga?"

Kwalbar ajiye kashin kuwa bai taɓa saye ba. Ta yajin matarsa Inna Hajo yake jira ta ƙare. Ita ta kafa dokar wanke hannu sau uku da sabulu kafin tuwo, shi kuma ya kai dokar aji ya ce tasa ce.

Akwai ƙwan da ya tsare kwana huɗu. Aka haifa masa jika a Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama, ya ce ba ya zuwa suna. Inna Hajo ta ce, "Jikanka ko tsutsa, zaɓi." Ya zaɓi jika, amma da madubin a cinya har Maiyama. Ya ajiye shi don ya amsa fatiha, ya dawo ya tarar da biyu. Bai ci naman suna ba. Ya ce, "Ko tsutsa ta san kunya, ba ta yi gaban suruki."

Da aka fitar da jihar Kabi daga Sakkwato, muna ta murna, shi cewa ya yi, "Ita ma ta rabu ban gani ba. Ga rediyo na ji."

Daga baya yanar ido ta rufe masa gani. Cokalin bai bar aljihu ba, sai dai ni na koma mai duba masa madubi. Wata hantsi cikin bazara na ga ƙugun dunƙulen ya fara tsukewa. Na gaya masa. Ya damƙe hannuna ya ce kada in ƙifta. Ina faɗa yana gyaɗa kai, har ɗaya ya zama biyu.

Ya ce, "Ɗan banza. Shekaru nawa ina jiran shi, sai ga malamin tarihi zai nuna kanshi." Yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Bai ga damina ba. Allah da ke raba ɗaya biyu a lokacin da ya so, ka jiƙan Malam Bawa, ka haskaka kabarinsa, ka nuna masa da idonsa abin da ido bai taɓa gani ba.