Gidan da Ba a Kiwon Zakara

A ƙauyenmu, kusa da inda kasuwar Wuse take yanzu, gidanmu ne kaɗai babu zakara. Kakata, Iya Ladi, ta hana. Da ɗan tsako ya fara gwada murya, washegari yana cikin miya. Duk yamma idan muka kewaye murhu sai mun tsokane ta ta faɗi dalili, ko da yake mun san tsoro zai hana mu fita fitsari.

Sai ta nuna dutsen bayan gari da muciya. Ta ce can sama kakanninmu suka zauna, ba rijiya, ba gonar kirki, mata na hawa da tulu a kafaɗa. Mahara ne ke zuwa a kan dawakai suna kwasar mutane, doki kuwa ba ya hawan dutse. Don kada a gane akwai mutane a sama, ba a daka a turmi, ba a hura wuta da rana, ba a barin zakara ya girma.

Wata yarinya ce ta ɓoye nata a rumbu saboda tausayi. Da asuba ya yi cara. Maharan da suka kwana a gindin dutsen har sun ɗaura sirdi za su wuce, sai suka ɗaga kai.

Nan labarin Iya yake tsayawa, mu kuma mu matsa jikinta. Sau ɗaya na tambayi makomar yarinyar. Ta ce, "Ita ta tsira. Ƙanwarta suka tafi da ita. Mai zakaran nan uwata ce."

Shekarar da aka ce babban birnin ƙasa zai dawo nan, wasu mutane suka zo suka shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau. Iya ta ɗaure kayanta, ta ce mu hau sama mu jira su wuce. Babana ya kasa haɗa ido da ita. Ya gaya mata dutsen ma fasa shi za a yi, da tsakuwarsa za a shimfiɗa titi. Ranar da nakiyar farko ta tashi, ƙasa ta girgiza, Iya ta kama hannuna gam.

"To ku, ina za ku gudu?"

A da na ɗauka tsoron mahara take koya mana. Ashe abin da ya dame ta shi ne mutum ya kasance yana da mafaka. Yau ina zaune a unguwar Dutse Alhaji da furfurata, gabana na faɗuwa duk sanda na ga jan fenti a bango, kuma har yanzu ban samo mata amsa ba. Kwanaki 'yata ta ce za ta yi kiwon kaji. Na ce ta sayo kaji mata kawai, ban da zakara.