Tabar Gindin Randa

Kailu bai taɓa yin abin kirki a gona ba, kuma duk Filinge an san haka. Hauya ba ta son hannunsa, shi ma ba ya son ta. Abin da Allah ya ba shi hanci ne da baki. Shekarar da hatsi ya ƙi, shanu suka zube a ƙasarsu ta Kurfai, ya bi samari zuwa Kurmi tare da taubashinsa Magagi, suka yada zango a Lome.

Magagi ƙato ne, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, buhun siminti a ka daga safe har la'asar. Kailu ya ɗauki buhu yini guda ya ce wannan aikin jaki ne, ya koma dillanci. A nan ya gamu da sigar. Ba sigarin kan tebur ba, wanda ake saye kara-kara. Ganyen taba ne zalla, naɗaɗɗe, kaurin babban yatsa, tsawon ɗani guda, wanda manyan baƙin otal ke nema ido rufe. Ma'aikatan jirgi ke saukowa da ita a ɓoye cikin riga, kuma rabin abin da suke cewa na Kuba ne a bayan kasuwa aka naɗa shi, sharar taba da ganyen ayaba, an ɗaura masa zoben takarda mai ruwan zinariya.

An cuce shi da fari, kamar kowa. Wani tsohon kuku na jirgi, wanda ba sa jin yaren juna, shi ya koya masa da hannu. A murza ta kusa da kunne: in ta yi ƙara kamar busasshen kara, ta mutu. A matsa ta, ta lotsa kaɗan ta dawo. A shinshina gindinta. In an kunna, tokar ta tsaya fara, ba ta zuba. Daga nan Kailu ya riƙa bin jirage ta hanyar mota, Kutanu, Tema, Abijan, ya dawo Lome ɗakin da suke haya da Magagi. Har ya tsufa, in ya ba da labarin shekarun nan, ba ya zancen riba. Ƙamshin gishirin teku yake faɗa, da kifi banda, da jiniyar jirgi da hantsi, da ruwan sama mai sauka ba a roƙe shi ba.

Da mahaifinsa ya rasu aka kira shi gida. Ya sayi sigar biyar na ainihi a hannun kukun nan. Magagi ya raka shi tasha, ya riƙe ƙofar mota ya ce, "Ka aje mini tawa, bawana. Baɗi ina nan tahe, mu sha tare ƙohwar gida."

A Filinge ya auri Nafisa, ya kafa tebur a kasuwa. Mutane suka ji yana ta zancen sigar, kunnensu ya ba su sukar na shayi, suka laƙaba masa Kailu Mai Sukar. Mata suka yi ta aikowa a auno musu, har ya gaji da bayani ya saro buhu guda.

Abin da kukun bai gaya masa ba shi ne sigar 'yar ƙasar laima ce. Bazarar farko ɗaya ta tsage a hannunsa, ta zube kamar dusa. Ya zauna kusa da masu goro ran kasuwa, ya ga yadda suke yayyafa wa buhun algarara ruwa. Ya dawo ya zuba sauran a gwangwani, ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya tura gindin randa inda yashi ba ya bushewa. Da damina ya manta bai rage ruwan ba, ta biyu ta yi fumfuna. Ta uku ƙwaro ya huda ta. Saura biyu, mutum biyu. In ɗaya ta ƙara tafiya, alkawari ya tashi.

Kowace safiya bayan salla sai ya durƙusa gaban randa ya taɓa tsumman. Nafisa tana shara tana cewa, "Malam, da yadda kaka kiwon tabar ga kaka kiwon awaki, da yanzu muna da garke."

Magagi bai zo baɗi ba. Da fari saƙon baki ne ta hannun masu dawowa cin rani, daga baya salula ta zo. Ya yi aure can, 'ya'yansa Hausa ma da ƙyar. Kowace gaisuwar salla, "Baɗi in Allah ya so." Kailu yakan ce, "Baɗinka ta hi tahiyar hawainiya." Amma bai taɓa ambaton tabar ba. Tsoro yake ji ya ambata a ce masa wace taba. Gemunsa ya yi fari yana jiƙa tsumma saboda magana guda da aka faɗa a bakin mota, kuma bai sani ba ko mai maganar yana tune da ita.

Bana bayan girbi motar Yamai ta sauke wani tsoho a tasha, aka rako shi har ƙofar gidan Kailu. Magagi ne, ƙaton nan ya zama kara. Siminti ya cinye masa ƙirji, in ya yi magana sai ya tsaya ya nemi numfashi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura.

"Matata, har yanzu kina haƙuri da raggon ga?" ya ce wa Nafisa.

"Mi za ni yi, kai da ka gudu ka bar ni?"

Kailu ya tashi. Ya shiga ciki, ya fito da gwangwanin, ya kwance tsumman a gabansa. Magagi ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Biyar ka tahi da su, ɓarawo. Ina uku?"

Kailu ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. Ya ɗauki ɗaya ya murza a kunne. Shiru, lafiya lau. Ya miƙa masa, ya laluba aljihu ya fito da ashana.

"Maida wutarka," in ji Magagi. "Likita ya ce hayaƙi ɗaya, sai makabarta. Ko na murhu ban zama kusa."

Kailu ya tsaya da ashana a hannu. Magagi ya shinshina sigar, ya kama ta da hannu biyu ya karya, ya murtsuke gutsuren a tafinsa.

"Matata, taimake ni da 'yar kanwa."

"Kai! Ta Kuba ce!" Kailu ya miƙe tsaye. "Mahaukaci, ta Kuba ta ainihi!"

"To, a Kuba ba ganye ba ne?"

Nafisa ta kawo kanwar tana danne dariya da gyale. Magagi ya haɗa, ya cusa a kunci, ya lumshe ido yana tsotsa. Can ya tofar gefe.

"Ba laihi. Ba ta kai ta Maraɗi ba, amma ba laihi."

Kailu ya dubi tasa. Shekara da shekaru yana zagin masu gutsure kan sigar da haƙori. Ya dubi ƙirjin taubashinsa yana hawa yana sauka da ƙyar. Ya mayar da ashanar aljihu, ya zauna, ya karya tasa biyu.

Bai taɓa tauna taba ba a rayuwarsa. Kanwar ta yi masa yawa, ya ƙware, kansa ya yi ta juyawa, Magagi yana buga masa baya yana kiransa ɗan birni. Suka zauna a ƙofar gida suna tofi har aka kira la'asar.