Ranar da magariba ta ceci jarumata

Ko tsuhwa na yi har haƙora sunka zube, wallahi wanga yammaci ba shi hita kaina. Lokacin muna bakans ne, wato dogon hutu, bayan jarrabawar bak ta gama sakandare, zaman jiran sakamako ya ishe mu. Sai taubashina, ɗan gwaggona da ke karatu Parakou, ya zo garinmu Malanville da wani wasa cikin wayarshi. Shi ke ba da labari, mu kuma kowa da jaruminshi cikin labarin. In za ka yi wani abu mai haɗari sai ka jehwa ɗan lido, shi ka nuna ko ka dace. Mu uku ne bisa tabarma ƙarƙashin dalbejiyar gidanmu: ni, shi, da ƙawata 'yar Madécali.

Jarumata yarinya ce da anka haihwa da baiwar ruwa, in ta kira kogi sai ya amsa mata. Tun farkon hutu nike rainonta, har zanenta na yi. Ga dokar taubashi kuwa, wanda jaruminshi ya mutu ya hita wasa ke nan har hutu ya ƙare, sai dai ya koma dahwa ma saura shayi.

To, ran nan cikin labarin, da sahe na yi amfani da baiwar na hiddo jirgin 'yan kasuwa da ya nutse. Can gaba taubashi ya ƙanƙance ido, ya sauke murya, ya ce, "Rana ta hwaɗi. Duhu ya ruhe kogi. Sai ga sarkin kadoji ya cabke ƙahwarki, ya yi ƙasa da ke."

Na ce, "Na kira ruwa!"

Ya kwashe da dariya. "Ina! Baiwarki ta ƙare tun sahe, baiwata. Tashi ki hura gawayi."

Na warce wayar, yatsuna na gudu, na kai ga dokar wasan da ke rubuce ciki. Da Faransanci take, amma ga abin da ta ce: baiwar haihuwa sau ɗaya anka yarda a yi amfani da ita a rana, tana dawowa in sabuwar rana ta shiga. Shi ke nan. Ba su hwaɗi yaushe ba.

Na ce, "Tsaya, bawan gidanmu. Mi ka ce yanzu? Rana ta hwaɗi ko?"

"Ta hwaɗi."

"To ai sabuwar rana ta shiga!"

Ya ce ban da hankali, Turawa sunka rubuta, kuma ranarsu tsakar dare take somawa. Na ce garin da ya gina muna cikin labarin ko agogo guda babu, jirage ne da kasuwa da masu albasa, kamar ka tsaya bakin gadar garinmu ka leƙa. Ƙaƙa za a yi mutanen nan su bi lissahin Turawa? Ƙawata ta tsoma baki ta ce su dai can gida sabuwar rana ba ta shiga sai an yi asuba an saki shanu. Na harare ta na ce, "Ke kina tare da ni ne ko da kada?"

Na juya ga taubashi na ce, "Daren Juma'a yaushe ne?"

Ya ce, "Alhamis da dare."

"Asham hwa? Bayan azumin farko muka somawa, ko tun daren da anka ga wata?"

Ya sosa ƙeya. Ƙawata ta buga cinya ta ce, "Ta kama ka, malam!" Ni har na hwara rawa daga zaune.

Amma ɗan banzan nan ba a banza ya yi makaranta ba. Ya ce, "Na yarda. Daga yau ranar garin nan magariba take shiga. Sai dai shi ma sarkin kadoji da tashi baiwar ruwa anka haihe shi. Tashi ma ta dawo."

Rawa ta tsaya cak. Ni na gina ramin da hannuna, ba damar musu. Munka shirya kowa ya jehwa ɗan lido, wanda nashi ya hi, ruwa shi bi bayanshi. Ya jehwa, biyar. Na hura ma ɗan lido iska na sake shi. Ya gangara, ya bugi gindin butar shayi, ya tsaya.

Shidda!

Ihun da munka yi sai da awaki sunka watse, innata ta leƙo daga madahi da ludayi tana tambaya ko sakamako ne ya hito. Ƙawata ta ce, "A'a Inna, kada anka kashe!" Inna ta ce Allah shi shirye mu, ta koma.

Yanzu kowa ya kama gabanshi, amma duk inda anka tsaya ana gardamar wata doka sai in tuna. In doka ta yi shiru, ku da ke zaune bisa tabarma ku ka cika ta da abin da kunka sani na gidanku. Sai dai kahin ka buɗe baki ka shirya, don hukuncin da ka ƙwato ma kanka, abokin hwaɗanka ma ya samu.