Gwangwanin da Aka Ce a Bari Haka Nan

Malamar kimiyyarmu a aji huɗu ba ta ba da amsa. Mu da muka saba a cika allo mu kwafa, sai ga mata ta shigo da wake cike da tafi, duk huji, ta zube a tebur ta ce mu gano mata abin da ke hana ƙwari cinsa. Wai darasin ke nan. Na ɗauka ta manta littafinta ne a gida.

Wani ya ce kakarsa a Sakaba toka take sawa. Wata ta ce barkono. Malama ta ce kowa ya je gida ya gwada duka biyun, amma a ware gwangwani guda kada a sa masa komai. Na tambaye ta amfanin wannan, ta ce in na gano in zo in gaya mata. Raina ya ɓaci, don a sanina ɗalibi ke tambaya, malami ya amsa.

Waken gidanmu kuwa iri ne na shukar damina. Babana tsohon soja ne da ya dawo Zuru ya kama fartanya, da ƙyar ya yarda ya ɗibar mini. Na jera gwangwanayena a bayan ƙofa.

Da lokaci ya yi na buɗe, dukansu lafiya lau, har wanda ban sa wa komai ba. Na miƙe a aji da gadara na ce wake ba ya bukatar magani. Aka kwashe da dariya, don na kowa da ba a sa wa komai ba ya zama gari. Malama ba ta yi dariya ba, ta tambayi inda na ajiye su, sannan ta ce, "Waye ke shiga bayan ƙofar nan?"

Na koma gida na juye gwangwanin da ban sa wa komai ba. Toka ce a gindinsa.

"Baba, kai ka sa?"

"Ni na sa. Na ga ƙwaro ya hwara shiga."

Na yi masa bayani yadda na iya, cewa sai an bar ɗaya ƙwari sun ci za a san aikin tokar. Ina faɗa ina jin maganar ba ta zauna mini ba ni kaina.

"Shekarun da niy yi a soja," ya ce, "ban taɓa barin yaro guda a hili don in ga ko za a halbe shi ba."

Washegari na gaya wa malama, ta ce a ƙarshe dai na gano amfanin gwangwanin, in sake gwajin. Ban iya sake roƙon Baba ba. Da ruwa ya sauka muka shuka waken duka, ni a baya ina rufe rami da ƙafa, kuma har yau ban san wanda zan ba gaskiya tsakanin malama da Baba ba.