Lakar Teku a Kwandon Kifi

Har yanzu in 'yata ta yi tuntuɓe sai gabana ya faɗi. Ƙusa ce ta soke ta a ƙofar gidanmu a Dogarawa, ciwo ɗan mitsitsi. Muka yi abin da kowa ke yi a layinmu: a sayo kafso a kemis, a fasa, a barbaɗa garin a kai. Muka yi ta canza kalar kafso, ƙafa sai kumbura take tana ruwa, har yarinya ta daina takawa.

Ana cikin haka yayar mijina, wadda ke binciken ƙwayoyin cuta a Samaru, ta kira ni. Wai in biya kasuwar Sabon Gari wajen Mama mai kifi in karɓo mata saƙo. Mama daga kudu take kawo busasshen kifi. Ta tono wata kwalba daga ƙasan kwando, cike da baƙar laka.

"Gaya wa antinki ni kifi nake sayarwa," in ji ta. "Ƙanena ya shiga teku har ƙugu saboda laka, 'yan garinmu suna cewa ya zare!"

Na shiga bas da goyona, kwalba tana ƙarni. A ofis Anti ta karɓe ta kamar an ba ta turare. Ta ce a cikin lakar akwai halittu da ido ba ya gani, kullum faɗa suke da junansu, kowa da gubar da yake kashe maƙwabcinsa. Ƙwayoyin cutarmu sun saba da magungunanmu, amma ba su san gubar 'yan teku ba. Ta nuna min wani ɗan farantin gilashi, cuta ta rufe shi kaf, sai wata da'ira fes a tsakiya inda 'yan tekun suka share.

Ban san sanda na kwance goyo ba. "Anti, to a shafa mata mana!"

"Laka a ciwo? Ke, wannan magani sai jikokinki wataƙila." Tana dariya ta duƙa ta ga ƙafar, dariyar ta tsaya. "Tun yaushe? Kafso kuka zuba, ko?"

Ranar na sha faɗa har bakin asibiti. Aka dangwali ciwon da auduga aka yi gwaji. Duk magungunan da aka jera sun gaza, sai allura guda, ita aka yi mata.

Alhamdulillahi, yanzu da gudu nake kamo yarinyar. Mama mai kifi kuwa ta baza a kasuwa cewa lakarta ce ta warkar da ita, na gaji da gyara mata.

Amma allura guda ɗin nan ba ta fita daga raina ba: ranar da ita ma ta gaza fa? Shi ya sa ko Anti ba ta kira ba nakan leƙa wajen Mama in tambaya ko kwalba ta iso. In ta iso, da hannu biyu nake riƙe ta har Samaru.