Mai Rigar Raƙuman Dawa

A tashar jirgin ƙasa ta Baltimore, Renita ta kasa ɗauke ido daga wata mata da ke tsaye tana magana ita kaɗai. Ta doshi sittin, furfura ta cinye mata goshi, rigarta ta nas mai zanen raƙuman dawa ce, irin ta sashen yara. Da kundi a hammata, tana bayanin asma a ƙananan yara, tana kaɗa yatsa kamar malamai suna gabanta.

Renita, wadda gajiya ta sa ta jingine nata digirin dakta bara, ta gane: yau matar za ta kare bincikenta na digirin dakta a gaban malaman jami'a. Ƙila ma ko gida ba ta leƙa ba daga wurin aiki.

Wani mai kwat ya tuntsire da dariya. "Kaka, karatu da furfura? Nas dai ai nas ce."

Matar ko murya ba ta rage ba. "Nas ce, ɗana, kuma kafin rana ta faɗi, dakta. Tunda bakinka na ƙaiƙayi, matso ka yi min tambaya mai wuya."

Mutumin ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Ita kuwa ta ɗora daga inda ta tsaya.